Jinin Kulu da ranar sussuka

Kwargaba, ƙasar Wurno
Watan Nuwamba, 1955

Zuwa ga yayana Malam Junaidu a Kumasi,

Gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a fataucinka. Mu nan muna lafiya, gero ya yi kyau bana, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awaki.

Abin da ya hana ni zama shi ne ɗiyarka Kulu da ka bar mini amana. Ka san yadda kowace kaka, da an fara sussuka, borin jini ke taso mata, fuska ta kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Bara har mun fid da rai. To, wani likita Bature ya sauka Wurno yana binciken irin wannan ciwo. Malamin asibiti Sale ya fassara mini cewa akwai wasu fararen ƙwayoyi cikin jini da ke tsaron jiki, su ne ma ke haɗe miki ya warke. Ga wasu mutane sai su wuce gona da iri, kamar karen da bai rarrabe ɓarawo da baƙo. Likita ya ce a kawo yarinyar in ciwon ya tashi, ya ɗiga jininta a gilashi ya ƙirga ƙwayoyin a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, sannan ya san maganin da zai ba ta.

Ranar Laraba ciwon ya tashi. Matata Azumi ta rantse ba za a kai ɗiyar mutane gaban baƙo da fuska kamar ƙwarya ba, wai mi za a ce da gidanmu. Ni kuma, da gemuna, na ga gaskiyarta! Muka jira kwana uku kumburin ya saɓe, aka yi mata wanka da kitso da kwalli, na ɗora ta a jaki. Likita ya duba jinin, ya ce lafiyayyar yarinya muka kawo masa, bai ga abin da yake nema ba. Wallahi kunya ta kama ni, kuma har yau haushin kaina nake ji.

Yanzu saura kwana tara ya koma Sakkwato. Na ce masa ko a kai ta masussuka da gangan don ciwon ya tashi. Ya ce shi ba zai umarce ni ba, amma zai zo ya tsaya kusa da allurar buɗe numfashi. Gaba kura, baya sayaki. In na bari, baɗi ba likita, ba allura. Kai ya kamata ka yanke, amma takarda ba ta isa gare ka ƙasa da mako uku.

Na yanke, Yaya. Jibi ana sussuka a gonar maƙwabcinmu Mode. Shekara huɗu ina korar ta daga wurin da tsawa, jibi ni zan kama hannunta in kai ta. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ka gai da Kaltume da Lawwali da Ma'u. Inna na sa muku albarka, ita ban gaya mata ba. In abin ya zo da kuskure, kada ka nemi kowa da shi, ni ne.

Ƙanenka mai neman addu'arka,
Abdulƙadiri