Jirgin da Na Tsayar a Calawa

Gyadi-Gyadi, Kano
9 ga Maris, 1975

Zuwa ga ɗana Ƙasimu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, amin. Mu nan mun gode Allah. Ƙanwarka Uwani kullum sai ta taso daga Tarauni ta kawo mini tuwo, tun ranar da ta ga wanda na tuƙa da hannuna ta ce ko akuyar gidan ba za ta ci shi ba. Ka yi haƙuri da rubutun, aji uku na elemantare iyakarsa ke nan.

Tun wayar rasuwar mahaifiyarka ba mu ji daga gare ka ba, yau kwana ashirin da uku. Ban ga laifinka ba. Garba direba, wanda zai miƙa maka wannan, ya gaya mini mako guda ka yi kana zarya tashar jirgin ƙasa ta Iddo da akwatinka, don ni na ce ka jira jirgi. Haka ne, ni ne. Da jikinta ya tsananta na buga maka waya ka zo, sai muka shiga yajin aiki, na sake buga wata na ce kada ka kuskura ka hau mota, jirgi zai tashi jibi. Shekara ashirin da shida ina ɗaga wa jirgi tuta a mahaɗar titi, na ga yadda mota ke yi da mutane, har na ɗauka duk mai hawanta ya gaji da duniya ne. Kuma a taron ma'aikata wa ya fi kowa ɗaga murya cewa kwana biyu manya za su sauko a biya mu ƙarin albashi? Ubanka ne, a kan benci, hula a karkace. Na yi ta faɗa har ni kaina na yarda.

Kullum da safe sai mahaifiyarka ta tambaya ina mutumin Ikko ya iso, ka san ba ta kama sunanka. Sai na ce mata kana cikin jirgi, kun iso Badun. Kashegari na ce kun haye gadar Jaba, ka rufe ido kamar yadda ka yi kana yaro. A Minna na ce injin ya tsaya shan ruwa, ka sauka sayo mata doya kana ta ciniki da Yarabancinka na tashar jirgin ruwa. A Kaduna na ce direban ya tafi aski, wanzami kuma ya tafi jana'iza. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Maman Bukola maƙwabciyarmu da ke mata allura ta kore ni waje da tsintsiya, ta ce ni ne rabin ciwon. Ina tsakar gida na lissafa da yatsu, na ga tashoshi na ƙare mini. Na ja ka a hankali ta Zariya da Madobi, na kawo ka Calawa, daga nan kuwa babu saura sai Kano. Sai na ce shanu ne suka kwanta a kan layi. Kashegari na ce shanun ba su tashi ba.

Ranar Alhamis bayan azahar ta sa Uwani ta fita, ta ce in matso. Ta ce in daina wahalar da jirgin nan haka. Ta ce shekara nawa da kukan jirgin safe take ɗora tukunya, da na yamma take sauke ta, yaya za a yi mako guda garin ya yi tsit ta kasa ji? Tun ranar farko ta sani, ta ƙyale ni ne don ta ga ni ne mai bukatar labarin. Sa'an nan ta ce in ɗaga maka tuta ka shigo, ka gaji da zama. Na ce to, ga shi nan ya shigo tasha. Ta ce alhamdu lillahi, a ba shi ruwa. Kafin la'asar ta cika, kafin magariba mun kai ta. Ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kuma kada ka riƙe ni, wai wautata ba yau ta fara ba.

An koma aiki, an yi ƙarin. Ranar da jirgin Ikko na farko ya zo na tsaya da koriyar tutata ina leƙa tagogi ɗaya bayan ɗaya, har ya wuce ban sauke hannu ba, masu motoci na ta yi mini oda. Haka nake yi har yau.

Ban roƙe ka ka ce na yi daidai ba. Ka zo dai a yi addu'ar arba'in da kai, in nuna maka inda take, don ni ne na san wurin sosai. In ka ga dama ka yi mini faɗa a zaure, zan zauna in ji.

Uwani da mijinta Bello suna gaishe ka, haka kawunka Lawan na Unguwar Gano, da Maman Bukola. Ka gai da Hadiza, ka shafa mini kan yara. Garba zai juyo ran Talata. Motar shanu ce, amma ka hau. Ni da na hana, ni na ce.

Naka, mahaifinka,
Inuwa Mai Tuta