Mita Ɗaya, Ɗaki Goma Sha Biyu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya Auta da karatu? Mu ma lafiya lau, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Yau kwana tara da yanke mana wuta. Gidan da muke haya ɗaki goma sha biyu ne, mita ɗaya, kuma ni aka ɗora wa karɓar kuɗin, wai ina da haƙuri. Direban da ke sama ya ce shi kwana kawai yake yi, ba zai biya daidai da masu firij ba. Matar mai aski kuwa leƙowa ta yi ta ce, "Ku ke shan wutar, ku biya." Ta rufe ƙofarta.

Firij ɗin nan namu, Yaya, allurar ciwon sugan Baban yara ce a ciki. Na sayar da 'yan kunnena na cika kason mutum uku, duk da haka kuɗin bai kai ba. Jiya allurar ta canza launi saboda zafi, ya ce in yi masa haka nan. Na yi masa. Ban sani ba ko magani na ba shi ko cuta.

In da hali ki taimaka da ko nawa ne. In Inna ta tambayi me ya hana ni kira, ki ce wayata ba caji. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Ki sa mu a addu'a. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki