Awa Nawa Ne Zuwa Rano?

Kibiya,
Lahadi, 9 ga watan Safar.

Zuwa ga Yayana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jannatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya a Malesiya, ya sa albarka a koyarwar da kake yi, ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau, alhamdulillahi. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, maigidana Baban Sadiƙ kullum yana gona. Baba ma da sauƙi, sai dai ƙafar nan tana kumbura in ya daɗe a zaune, kuma ya rage cin abinci, ko da yake in ka tambaye shi cewa zai yi ya fi ka ƙarfi.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu, kamar zamanin da kake makarantar kwana. Na gwada kiranka sau biyu, da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar makarantar yara. Maganar ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo maka. Maganar autanmu ce, Salahuddeen.

Ka san shekara huɗu ke nan yana ɗakin nan na kusa da zaure a gidanmu na Rano, shi da kwamfutarsa da solarsa, yana rubuta wa kamfanonin waje manhaja. Mutanen unguwa har yanzu gani suke gyaran waya yake yi. Ni da nake tsokanarsa da cewa ya auri kwamfuta, wallahi ina tausaya masa. Hadari na haɗuwa sabis ya ɗauke, ya bar mutane suna jiransa a taron intanet. Watannin baya wani aiki babba ya kuɓuce masa a haka, suka ce ba za su iya dogara da mutumin da ke ɓacewa duk lokacin da aka yi ruwa ba. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. To yanzu Allah ya buɗa masa. Wani kamfani a Jamus ya ba shi aiki, wani a Dubai ma ya ba shi, ga kuma takardun Kanada da ya fara cikewa. Na Jamus sun ba shi nan da mako biyu ya ba su amsa.

Ka san halinsa, ko takalmi zai saya sai ya yi lissafi. Ya zana jadawali, ya buga a takarda, ya tara mu ranar Juma'ar makon jiya bayan an sauko daga masallaci, ni da Baba da Kawu Ishiyaku. Ƙasa uku a jere, kowace da abin da za a samu da abin da za a rasa. Jamus, ya ce, aiki da tsari, ana mutunta lokacin hutun ma'aikaci, asibiti ba fargaba, amma sai ya koyi yarensu, haraji da nauyi, kuma in azumi ya faɗo lokacin zafinsu sai mutum ya kai wajen awa goma sha takwas bai sha ruwa ba. Kawu ya ce a'uzubillahi, wannan ai azumi ɗaya da rabi ne. Kanada ya ce ita ta fi sauƙin ba da takardar zama, har mutum ya zama ɗan ƙasa, amma ga sanyi, ga wahalar samun gida, kuma maki suke bayarwa, in mutum ya haura talatin makin ya fara raguwa, shi kuwa bana yake ashirin da tara. Dubai kuma ga kiran salla a kunne, ga abincin da ba sai ka tambayi yadda aka yanka ba, amma ko ka tsufa a can baƙo ne kai, ranar da aikin ya ƙare zamanka ya shiga lissafi. Har nisan masallaci daga ofis ya auna, Yaya. Na yi alfahari da shi ranar, ba zan ɓoye maka ba.

Baba bai katse shi ba ko sau ɗaya. Da ya gama, sai ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce aiki ya yi kyau, amma akwai layin da bai gani ba. Ya ce a gaya masa, daga kowace ƙasa, in aka buga wa mutum waya bayan sallar asuba, awa nawa zai yi kafin ya sa ƙafa a ƙofar gidan nan. Salahuddeen bai gane ba da farko, ya ɗauka maganar zuwa hutun salla ce, har ya ciro waya yana duba jirage da murmushinsa. Ya ce Dubai in an yi sa'a washegari, Jamus ma haka, Kanada kuwa kwana biyu. Yana cikin faɗa ne na ga murmushin ya ɗauke. Ni tun kafin ya buɗe baki na gane inda Baba ya dosa.

Ai ka san abin da Baba yake nufi. Shekara arba'in shi ke wankan gawa a unguwarmu, kuma bai taɓa yarda a ajiye mamaci don jiran wani ba. Wanda ya cika da asuba, kafin hantsi ya yi zafi an kai shi. Shi ya shiga kabarin mahaifinsa ya kwantar da shi da hannunsa, kuma kullum yana cewa wannan ce hidima ta ƙarshe da ɗa zai yi wa ubansa. Bayan rasuwar Inna ya riƙa jan Salahuddeen duk inda aka yi rashi, ya koya masa wankan, da ɗaurin likkafani, da yadda ake kwantar da mutum a kan damansa ya fuskanci alƙibla, da yadda ake jera itace. Har likkafaninsa da ya sayo a Makka ya nuna masa akwatin da yake. Mu duka mun san dalili, ba wanda ya taɓa furtawa.

Na zaci zai hana shi. Wallahi da ya hana da ya fi mini sauƙi, sai mu yi ta rarrashi kamar kowane gida. Amma sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce ba ya tsare ɗa daga arzikinsa, ya zaɓi inda hankalinsa ya kwanta ya tafi, ya yafe masa duniya da lahira. Ya sa masa albarka har Kawu yana share ido. Salahuddeen ya tashi da nauyi a fuska, amma bayan kwana biyu ya saki jiki, ya kira ni yana cewa Baba ya fahimta, har ya fara koyon gaisuwa da Jamusanci yana ba ni dariya.

Ranar Laraba sai ga Baba a Kibiya, wai ya zo ganin jikokinsa. Mutumin da sai an yi da gaske yake hawa mota! Ko ruwa bai gama sha ba ya ce Baban Sadiƙ ya kai shi Fammar a mashin, wurin Malam Alu, ɗan amininsa Bafulatanin nan da muke shan nono a rugarsu muna yara. Da suka dawo na ga maigidan yana kauce wa idona. Na matsa masa har ya faɗa. Baba ya roƙi Malam Alu ne, in ta Allah ta kasance, shi zai yi masa wanka, shi zai shiga kabari ya karɓe shi. Malam Alu ya ce ina shi ina wannan, ga 'ya'ya maza biyu a raye. Baba ya ce a ranar 'ya'yan nan suna hanya, shi kuwa bai taɓa sa gawar kowa jira ba, ba zai fara da tasa ba. Ya ba shi makullin akwatin, ya kuma gargaɗe su kada Salahuddeen ya ji.

Tun ranar ban da sukuni, Yaya. In na gaya wa yaron nan, na san shi, zai yaga takardun ya zauna. Baba kuma zai iya ƙara shekara goma, Allah ya sa ya fi haka, shi kuwa damarsa ta wuce, yana zaune yana kallon hadari yana jiran sabis ya dawo, kuma ni ce sila. In na yi shiru ya tafi, wata rana zai sauko daga mota ya ji cewa wani ne ya kwantar da ubansa, kuma 'yar uwarsa ta sani tun kafin ya hau jirgi. Wanne zai yafe mini? Ni mace ce, ko maƙabartar ba zan je ba, balle in ce zan tsaya a madadinku. Wannan ma yana ci mini rai.

Shi ya sa na zo gare ka, kuma ka gafarce ni in na taɓa inda ke ciwo. Kai kaɗai ne a cikinmu ka san wannan abu daga ciki. Ranar da Inna ta cika ka nemi jirgi kamar za ka haukace, ka iso bayan an yi sadakar uku, ka tarar ruwan sama har ya daidaita ƙasar kabarin. Ba ka taɓa gaya mana yadda ka ji ba, mu ma ba mu tambaya ba. To ka kira ƙaninka kafin mako biyun nan su cika. Kada ka ba shi labarin albashi da asibiti, duk yana da su a takarda. Ka gaya masa abin da ba ya rubuce, in ana iya rayuwa da shi ka ce ana iyawa, in ba a iyawa ka faɗa. Ni kuma ka ce mini in faɗa masa maganar Fammar ko in haɗiye, abin da ka yanke shi zan bi.

Akwai abu ɗaya da na so in ɓoye maka, na ga ba ni da hakkin haka. Jiya na je Rano, ina kakkaɓe buzun Baba sai ga takardar jadawalin a ƙarƙashi. Ya ja layi da alƙalaminsa a gefe, ya cike da ajami: Dubai kwana ɗaya, Jamus kwana ɗaya, Kanada kwana biyu. A can ƙasa ya ƙara wata ƙasar da ba ta cikin lissafin Salahuddeen. Ya rubuta Malesiya, kwana huɗu. Shekara uku ke nan da rasuwar Inna, Yaya, bai taɓa tayar da maganar ba, ashe ya ƙirga.

Ka gaishe mini da Jannatu ƙwarai, da Khalid, da Afra'u uwar surutu. Baban Sadiƙ yana gaishe ka, Kawu Ishiyaku da Gwaggo Saude ta Zurgu ma haka. Baba bai san na rubuto ba, amma jiya da zan fito ya tambaye ni ko ka kira kwanan nan. Na ce masa za ka kira.

Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa fuskokinmu da alheri tun da sauran lokaci.

Taka ƙanwa,
Ramlatu Gwadabe