Gidan Da Na Yaye Wa Rufi

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Audu Magini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya take yi wa mahaifinta a durƙushe, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Dije. Na san jama'a za su karanta wannan takarda a jarida, amma da kai nake.

Baba, na shiga harkar gidaje, kuma ina da tambayoyin da babu wanda zai ba ni amsarsu tsakani da Allah a Daura. Duk wanda na tambaya, ko dai yana da kamasho a ciki, ko yana jin nauyina. Kai kuwa ka yi shekara arba'in kana gina wa mutane gidaje, ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Bayan rasuwarka da shekara uku na yi ritaya daga koyarwa, aka biya ni kuɗin sallama. Mati, ɗan maƙwabcinmu na da, wanda ya zama dillalin gidaje, ya zo har gida ya ce kuɗi a banki gishiri ne a damina. Ya ce in sayi tsofaffin gidaje a cikin gari, in gyara, in sayar. Na sayi biyu. Gyaran na farko ya cinye abin da ya rage a hannuna. Na biyun gidan ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, kaɗan gaba da rijiyar Kusugu. Shi na rasa yadda zan yi da shi.

Sai Mati ya kawo mini Sale, mai gyaran babur, mutumin Dutsi. Yana da mata da 'ya'ya uku, da mahaifiyarsa Iya Tabawa, tsohuwar da idonta ya fara dushewa. Aka shirya zai shiga gidan, ya riƙa biyan abin da ya ɗara kuɗin haya duk wata, bayan shekara biyar gida ya zama nasa. A ƙasan takardar Mati ya ƙara layi ɗaya: in ya tsallake wata uku a jere, duk abin da ya biya ya zama haya, gida ya dawo hannuna.

Sale ba ya karanta boko. Mati ya karanta masa takardar, da ya zo wannan layin ya bi ta kansa da gudu. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ina zaune, ban ce a maimaita ba. Sale ya dangwala yatsa yana murmushi.

Ga tambayata ta farko, Baba. Mutum ya dangwala yatsa a kan abin da na san bai fahimta ba. Ya yarda ke nan?

Shekara uku da wata huɗu yana biya, bai taɓa wuce biyar ga wata ba. Ya haƙa sabon masai. Ya yi daɓen siminti a tsakar gida, ya canza azarar zaure da gara ta ci, ya dasa lemun tsami a bakin rijiya. Duk abin da ya yi sai ya aiko in zo in gani, kamar ɗalibin da ke kawo littafi a duba masa. Iya Tabawa kuwa in na je sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Malama, yadda kika yi mana, Allah ya sa ke ma a yi miki."

Ana haka gidaje suka yi tsada a garin. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ta Mashi ya ga gidan ya ce yana so, saboda zauren yana kallon hanya. Ya yi tayin da ya ninka abin da zan samu a wajen Sale har da ɗori. Na ce wa Mati gidan da mai shi. Amma sai da na sa ya sake faɗa mini kuɗin.

Bayan ƙaramar salla mota ta buge Sale yana gwada babur ɗin da ya gyara. Ya karye a cinya. A watan farko na aika musu da gero. A na biyu ban aika da komai ba. A na uku na fara duba kalanda. Ba zan ɓoye maka ba, ko sau ɗaya ban roƙa masa sauƙi ba.

Saura kwana uku wa'adin ya cika, na ji labarin matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, tana tafe da kuɗin wata biyu. In na karɓa, layin nan na ƙasan takarda ya mutu. Sai na ɗauki jaka na tafi Katsina wajen ƙanwarka, na kashe waya. Na ce mata na zo zumunci, ta yi ta murna, ta yanka mini kaza. Sai da wa'adin ya wuce da kwana ɗaya na dawo.

Da na aika wa su Sale cewa gida ya dawo hannuna, mai unguwa ya kira ni, dattawa sun taru, cikinsu har da waɗanda suka yi kwaɓar ƙasa tare da kai. Na fito da takarda na karanta musu a tsanake, kalma bayan kalma, yadda ban yi wa Sale ba. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe ke ce 'yar Audu."

Su Sale ba su tashi ba. Ina za su je da mutum mai dogara sanda? Mai saye kuma yana matsa mini, yana son gidan kafin damina ta kankama. Mati ya ce kotu sai ta ci shekara, amma rufi safiya ɗaya ne. Na tura kafinta ya yaye kwanon ɗakunan uku, aka ce musu sabo za a saka. Ina tsaye a wurin. Iya Tabawa tana zaune a kan tabarma, ta ji rana ta sauko mata a ka a cikin ɗakinta, ta ɗaga fuska tana yi mini godiya.

Kwana biyu bayan haka, da la'asar, hadari ya taso daga gabas. Ina zaune a falona na ji saukarsa. Ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya har magariba. Su shida suka cusu a zaure da katifu jiƙaƙƙu, zauren ma yana yoyo. Washegari aka sake yi. A rana ta huɗu suka kwashe kaya a akori-kura suka koma Dutsi. Sanyi ya riga ya shiga ƙirjin tsohuwar. Kwana tara ta yi.

Sale da kansa ya kawo mini makulli, yana dogara sanda, kwana uku bayan an binne ta. Na shirya jin zagi. Abin da ya ce kawai shi ne, ƙofar ɗakin tsakiya sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu, kuma bangon gabas ya sha ruwa ya tsage, in gaya wa mai saye kada a kwantar da yara a jikinsa.

Ban gaya wa mai sayen ba, Baba. Kai ne kake cewa bangon ƙasa daga ka yake mutuwa, kuma siminti a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kwalliyar gawa ce. Na sani sarai. Na sa aka shafe tsagar, aka yi fenti ruwan madara, aka buga sabon kwano. Na sayar. Da ribar na sayi wasu gidaje biyu, na biya kujerar Makka. Yanzu Hajiya ake ce mini, in an yi biki a gaba ake ajiye ni. Ko ciwon kai ban yi ba.

Tambayata ta biyu ke nan: wannan hajjin, nawa ne ko na Sale?

Ta uku kuma: damina biyu ta wuce, ga ta uku ta kawo kai. Bango irin wannan, damina nawa yake ɗauka? An ce mini a ɗakin gabas ɗin 'ya'yan mai gidan suke kwana. Sau uku ina zuwa ƙofar gidan in juyo. Ban iya faɗa masa da bakina ba, shi ya sa na rubuta a inda zai gani. In ya dawo mini da gidan, zan karɓa.

Watan jiya na je Dutsi. Na sami Sale a ƙarƙashin wata bishiya a bakin hanya yana facin taya, ƙafar ta ɗoru a karkace. Na miƙa masa duk abin da ya biya ni. Ya ce in ajiye a kan benci, hannunsa da baƙin mai. Na ce ya yafe mini. Ya ci gaba da goga tayar, can ya ce, "Nawa na yafe, Malama. Na Iya kuwa ba a hannuna yake ba. Sai kin je can ki tambaye ta."

Babana. Ka tuna lokacin da nake kai maka fura wajen aiki? Sai ka sauko daga tsani, ka ɗora ni a wuya, ka ce in manna tafina a ɗanyen yaɓe, can sama inda mai gida ba zai gani ba. Kana dariya kana cewa yanzu ni ma na yi gini. In mun gama sai ka wanke mini hannu da ruwan tulu, yatsa bayan yatsa, don kada Inna ta yi faɗa. Yau shekarata sittin da biyu, kuma da za a ba ni zaɓi, babu abin da nake so irin in miƙa maka hannayen nan biyu.

Tsohuwar nan, Iya Tabawa, tana inda kake. Gajeriya ce, tana lalube in za ta gaisa. Ban ce ka roƙar mini ita ba, ban kai nan ba. In dai ta tambaye ka ko ka san ni, ina roƙonka, kada ka ce a'a.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya sanyaya ƙasar da ke kanka. Allah ya jiƙan Iya Tabawa, ya ba ta gidan da babu mai fitar da ita. Allah ya riƙe bangon nan har a kwashe yaran. Ni kuma, in da sauran rabo, Allah ya sa ta saurare ni.

Wassalam.

'Yarka,
Dije