Gorar Mumuni

Gidan Sori, 21 ga Afrilu

Yaya Mahamane,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Batulu da yara. Yaya zafin Agadas? Mu nan gasuwa muke yi a hankali kamar gyaɗa a kasko. Inna ta kira ni daga Gangara shekaranjiya, ta ce ƙafar da sauƙi.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Na san duk saƙon muryar da na aiko maka a tsakar gida kake kunna shi, har maƙwabta su ba da shawara. Wannan kai kaɗai nake so ka gani.

Mun je Maradi gasar iyo da nutso ta kolejojin jiha. Ka ji daidai: gasar iyo, a watan Afrilu, a ƙasar da gulbi yake rairayi wata takwas. Mushen wasanni, wato malamin motsa jiki, shi ne ya kamata ya raka yara, sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Direkta ya duba takarduna ya ga inda na rubuta, tun ina jami'a, cewa na iya iyo. Ban taɓa zaton wani zai karanta wannan layin ba. Haka malamar faransanci ta wayi gari shugabar tawaga.

Tawagar yara uku ce. Biyu sun zo ne don su ga Maradi. Na ukun shi ne Mumuni, ɗan ajin ƙarshe, shekara goma sha shida, ɗan wani manomi Malam Jibo. Shi ne dalilin da ya sa muka shiga gasar. Akwai tabki a bayan garin nan da ke riƙe ruwa har Janairu, da wata tsamiya da ta sunkuya a kansa. Na taɓa ganin Mumuni ya diro daga reshenta na sama da ka, ya shige ruwa kamar an soka allura a zane. A aji ma haka yake: ba ya magana, amma rubutunsa ba ya buƙatar jan biro. Shi nake sa ran zai fitar da mu kunya a jarrabawar BEPC ta kammala kolej.

A pisin ɗin wani otel aka yi gasar, wato tabkin siminti mai ruwa shuɗi da ake ganin ƙasansa. An yi jawabi huɗu kafin kowa ya jiƙa ƙafa. Kowane mai jawabi ya ce matasa su ne gobe, matasan kuwa suna tsaye cikin rana da gajerun wanduna. Na haɗu da Maijidda, wadda muka yi ɗaki ɗaya a jami'a. Yanzu tana koyarwa a wata lakol, makaranta mai zaman kanta, yaranta har da tabarau na ruwa.

Ba mu yi gasar ba, Yaya. A lokacin gwaji, kafin a fara, Mumuni ya yi nutso da ka a gefen da ba shi da zurfi. Kansa ya fashe, ƙashin kafaɗarsa ta dama ya karye. Ya kwana uku a asibiti, yanzu yana gida da abin ɗaure wuya. Likita ya ce da wuyan ya ƙara lanƙwasa kaɗan, da wani labarin ake yi. Yatsunsa biyu ba sa ji sosai, amma an ce zai dawo.

An rubuta rapor, wato rahoto, cewa ɗalibi ya yi nutso a inda aka hana. Na sa hannu.

Ina da tambaya. Ka tuna doguwar gorar nan, sandar da kake riƙewa a tabkin Gangara muna yara? Tsaga nawa ce a jikinta? Ina so in tabbatar ne kawai.

Ka gaida Batulu, ka shafa mini kan Nana.

Ƙanwarka,
Hamdiya

Gidan Sori, 9 ga Mayu

Yaya Mahamane,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Na samu amsarka, na gode. Allah ya ƙara wa Nana sauƙin haƙoran. Ka ce tsaga uku ce, ka kuma ce tun ina ƙarama ba na tambayar abin da ban san amsarsa ba, sai in ina zagaye wata magana. Ka yi gaskiya. Ga maganar.

A nan ma haka suke yi. Babu yaron da zai faɗa tabki sai babbansu ya shiga da gora ya auna, kowace rana, ko da jiya sun yi wanka a wurin. Ruwa yana kawo rairayi, masu bulo suna haƙa, saniya tana iya turo kututture. Tsaga ta farko wasan ƙanana, ta biyu a dira da ƙafa, ta uku a dira da ka. Mumuni ne mai gorar garin nan shekara biyu ke nan. Da ita ya zo tasha ranar tafiya. Ta fi shi tsawo, sai da aka ɗaura ta a saman mota tare da buhunan wake.

Na yi dariya a tasha. A ƙofar otel dariyar ta ƙare. Ka hango mu: ni da atamfata mai guga da jakar hannu, a bayana yara uku, ɗaya yana ɗauke da gora kamar mun zo kaɗo mangwaro. Yaran Maijidda suka fara nuna shi da baki. Ita kuwa ta dube ni kawai ta ɗaga gira, irin yadda take yi a jami'a idan na ce wata kalma da harshen Gangara.

Da aka buɗe ruwa don gwaji, Mumuni ya nufi bakin pisin da gorarsa zai zura. Na tare shi. Na nuna masa lambar da aka rubuta da fenti a jikin bango, mita biyu da rabi. Na ce masa nan ba ƙauye ba ne, nan masana sun auna sun rubuta, shi kuma ɗan ajin ƙarshe ne, ya kamata ya fara yarda da abin da ke rubuce. Da faransanci na faɗa, da ƙarfi, don Maijidda ta ji. Ya ce mini a hankali ruwan da ake ganin ƙasansa yana ruɗin ido, minti ɗaya kawai yake so. Na miƙa hannu. Ya ba ni gorar da hannu biyu. Na kwantar da ita bayan kujeru, na ce ya je ya nuna musu abin da ya iya.

Lambar tsohuwa ce. Masu otel sun cike ƙasan wannan gefen da siminti tun bara don rage ruwa, ba su goge fentin ba. An faɗi haka a taron malamai masu rakiya da safe. Ina wurin taron, Yaya. Ina kujerar baya, Maijidda tana nuna mini hotunan bikin ƙanwarta a waya.

Ƙarar da na ji ba mai ƙarfi ba ce. Kamar an ajiye tulu a kan daɓe. Sai ruwan shuɗin nan ya fara sauya launi.

Da aka fito da rapor, direkta ya ce abin da aka rubuta gaskiya ne: an hana, yaro ya yi. Na karanta sau biyu, na gyara masa kuskuren rubutu guda, na sa hannu. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Ni malamar harshe ce, na san yadda ake haɗa jimla ta tsaya da ƙafarta ba tare da mai aikin ya fito a cikinta ba.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne wannan. Malam Jibo ya aiko wa direkta cewa Mumuni ba zai dawo lakol ba. Ba don karayar ba. Ya ce ƙashi yana ɗoruwa. Ya ce shi da hannunsa ya yi wa yaron tsagogin gorar nan, shi ya koya masa cewa ba a yarda da ruwan jiya. Idan shekara huɗu a kolej sun sa ɗansa ya faɗa ruwan da bai auna ba, a gaban mutane, don a tafa masa, to lakol ta fara cinye masa hankali, gara ya karɓe abin da ya rage. Saura mako shida jarrabawa.

Mumuni bai faɗa masa kome ba. Na je duba shi sau biyu da lemu. Ya yunƙura zai tashi don ya gaishe ni, uwarsa ta danne shi. Ya tambaye ni ko an gama littafin da muke karantawa a aji. Bai tambaye ni gora ba. Uban yana zaton ya yar da ita a Maradi don kunya, kuma wannan ya fi karayar yi masa zafi.

Gorar tana bayan ƙofar ɗakina. Direban mota ne ya sauke ta tare da jakata ranar da muka dawo. Kullum sai na matsar da ita in yi shara.

Na san abin da za ka ce. Ka faɗa duk da haka.

Ƙanwarka,
Hamdiya

Gidan Sori, 24 ga Mayu

Yaya Mahamane,

Ina gaishe ka, ina gaida Batulu da yara, da fatan kowa lafiya. Mun samu yayyafi ranar Laraba, wasu masu gaggawa har sun yi shuka. Wasiƙarka ta zo. Layi biyu kawai: kayan mutane ba ya kwana a bayan ƙofa, kuma in je da ƙafa, kada in hau kabu-kabu. Na fahimci dalilin sharaɗin na biyu bayan na fita.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ratsa garin nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan da gora a kafaɗa. Duk wanda ke zaune a ƙofar gida ya san gorar. Babu wanda ya tambaye ni. Sun gaishe ni sosai, fiye da kullum, har na gwammace su zage ni.

Na tarar da Malam Jibo a zaure yana gyaran ƙotar kalmensa na noma. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gorar a gabansa. Na shirya jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da kammalawa. Abin da ya fito daga bakina shi ne: Baba, yaronka ya zo zai auna, ni na karɓe. Sauran na faɗa a hargitse, har da taron da ban saurara ba, har da girar Maijidda, wadda ban san me zai yi da ita ba.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure ƙotar. Na zaci zai tambaye ni dalili. Tambaya ɗaya ya yi: ruwan ina ya kai? Na ce mita ɗaya da santi talatin aka ce. Ya ce bai san wannan ba, in nuna masa a jikin gora. Na tashi na tsayar da ita, na tuna inda ruwan ya kama ma'aikacin otel da ya shiga ya ɗauko Mumuni, na ɗora yatsa. Tsakanin tsaga ta farko da ta biyu ne. Ya daɗe yana duban yatsan. Sai ya zaro wuƙarsa ya yi sabuwar tsaga daidai wurin, ya hure garin gorar.

Ya kira Mumuni. Yaron ya fito da hannu a rataye, ya ga gora, ya gan ni, ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Uban ya ce masa ya yi daidai da ya girmama malamarsa, ya kuma yi kuskure da ya girmama ta fiye da wuyansa. Nan gaba idan babba ya karɓe masa gora, ya ba shi, amma ya zauna a bakin ruwa. Ya ce Litinin ya koma lakol. Ni kuma ya ce in gaida gida. Bai ce ya yafe ba, ban roƙa ba. Ina ganin ba ranar ba ce.

Na rubuta sabon rapor, wannan karon da sunana a farkon jimla. Direkta ya ce na farkon ya riga ya tafi, kuma ba a san ana tono abin da aka binne lafiya ba. Na kai nawa buro, ofishin ilimi na Gidan Rumji, da kaina. Mai karɓa ya buga masa hatimi ya sa a ƙarƙashin wasu takardu. Wataƙila a kira ni, wataƙila a tura ni wani ƙauyen da ya fi wannan nisa, wataƙila ɓera ya riga kowa karantawa.

Mumuni yana zuwa. Yatsun sun fara ji, amma biro yana zame masa, rubutunsa ya zama kamar na ɗan aji biyu. Muna zama bayan an tashi, ina yi masa shifta a hankali. Ban sani ba ko hannun zai kai shi awa uku a ɗakin jarrabawa. Yana ce mini Madam kamar da. Abu ɗaya ne ya sauya: duk abin da na rubuta a allo, sai ya buɗe ƙamus ya duba kafin ya kwafa. Ban hana shi ba.

Jiya ina dawowa na wuce ta tabki. Ruwan Laraba ya ɗan taru a tsakiya, yara sun kewaye shi. Ƙanen Mumuni ne ke riƙe da gorar yanzu. Ya shiga ya zura, ya fito ya duba, ya ce wa sauran kowa ya yi haƙuri, yau ko ta Madam bai kai ba. Ba su gan ni ba. Ba da tsokana ya faɗa ba, suna ne kawai, kamar yadda ake cewa ta farko da ta biyu.

Na yi shekara biyar a jami'a ina fatan wata rana a sa sunana a jikin wani abu. An sa.

Ka gaida Batulu da yara. Idan ka kira Inna kada ka gaya mata, zan faɗa mata da bakina in na je hutu. Ka sa yaron nan a addu'a ranar jarrabawa.

Ƙanwarka,
Hamdiya