Kwamfutar Yaya tana ƙas-ƙas, kuma bidiyon gonarmu yana ciki

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan Ƙanƙara da yawa a nan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka san kan kwamfuta, da waya nike rubutun nan.

Ni ɗalibi ne, sati biyu da suka wuce admishan ɗina na jami'a ya fito, karo na uku ina nema. Ranar ba a magana, na haukace, har tsohuwar da ke saida ƙuli a layinmu sai da na rungume. Na kira gayu na ce yau akwai shagali a zaurenmu. To akwai kwamfuta ta tebur da Yayana ya sawo daga kudu, can yake aiki wajen masu mai, kuma tun da ya aje ta ya ce in yi karatu da ita amma kar ta bar ɗakin. Ni kau na kinkimo ta zuwa zaure, na ɗora kan benci, muka tada janareta muka haɗa sifika. Ana cikin cashewa wani abokina ya harɗe da waya, akwatin kwamfutar ya faɗo ƙasa tim, kuma a kunne take.

Na maida ta ɗaki ban gaya ma kowa ba. Washegari na kunna, sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, ta yi shiru, sai wani zuuu, ta sake. Da can ba ta yi.

Babbar matsalar ita ce, kafin Babanmu ya rasu, Allah ya jiƙan shi, Yaya ya ɗauke shi bidiyo a gonarmu ta 'Yargoje, yana tafiya da sandarshi yana nuna iyaka, daga aduwa zuwa layin gamba har bakin rafi, yana faɗin wanda aka yi iyakar da shi. Bana maƙwabcin gonar ya tumɓuke gambar ya shigo mana kunya goma sha wani abu, ya ce nan iyakar take tun fil azal. Mai gari ya sa zama ranar Asabar. Wayar da aka yi ɗaukar da ita ta daɗe da faɗawa ruwa, bidiyon nan babu shi ko'ina a duniya sai cikin wannan akwatin.

Ranar da ta fara ƙas-ƙas ɗin, sai Inna ta shigo ɗaukar wake, don a ɗakin buhunan suke, ta ji ƙarar. Ta kara kunne ta ce ai ƙwari ne, haka buhu yake yi in sun cinye shi, daga waken suka shiga. Wallahi na san ba ƙwari ba ne, amma na ga hanyar tsira, na ce ƙwarai Inna, su ne. Ta ce a shanya. Muka shimfiɗa tabarma tsakar gida, na kwance murfin, muka baje ta a rana tun hantsi har la'asar, Inna tana korar kaji, lokaci lokaci ta ɗaga ta ta girgiza ta bubbuga gefe wai su zubo. Ina tsaye ina kallo. Ko ƙwaro ɗaya bai faɗo ba.

Tun daga nan ƙarar ta ƙaru. Na duba fanka, lau take juyawa, na sa tsinke na tsaida ta ƙarar ba ta daina ba. Wajen faifai ba komai ciki. Da na bi da kunne, daga wani ɗan ƙarfe take fitowa mai kamar gwangwanin kifi. Na kira wani ɗan ajinmu da ke aiki a kafe na kwamfuta a Faskari, na kara mashi waya ya saurara, ya ce mutumina ka shiga uku, ma'ajiyar ce ke mutuwa, akwai allura ciki tana kartar faifan, duk kunnawa ɗaya tana cinye wani abu, kar in ƙara taɓa ta. Wani a Sabuwa kuma ya ce in cire ƙarfen in sa a leda in kai firij na masu ƙanƙara ya kwana, wai yana tashi na minti goma. Ban san wa zan bi ba.

Shekaranjiya zuciya ta ci ni na sake kunnawa. Ta yi ta ƙas-ƙas kusan rabin awa, sai ga ta ta buɗe, har na ga inda Yaya ya rubuta GONA. Ina laluben filas a aljihu in kwafe bidiyon, ta daskare, allo ya yi baƙi.

Yanzu Inna ta ɗauka shanyar da ta yi ce ta kashe ta. Jiya ta ce mani ita ta ja mana, in gonar ta tafi da wane ido za ta kalli Baba gobe kiyama, tuwonta ma ba ta taɓa ba. Har yanzu ban faɗa mata gaskiya ba.

Yaya zai taso Alhamis, kuma mutum ne da in ya yi fushi ba ya faɗa, shiru yake maka na shekara. In na gaya mashi yau, ƙila ya samu lokacin neman wani dattijo a Ketare da aka ce yana wurin ranar da aka dasa gambar, duk da an ce jikin nashi ba daɗi. In na yi shiru na ɗauke ta a mashin zuwa wajen masu gyara a Funtuwa, ina tsoron ramukan hanya su ƙarasa ta. Ko in gwada kunnawa sau ɗaya tak da filas a hannu?

Wanda ya taɓa jin irin wannan ƙarar, ana ceto abin da ke ciki ko shi ke nan? Kuma wa zan fara gaya ma, Inna ko Yaya? Ku taimaka da sauri, yanzu saƙonshi ya shigo wai in kunna in tabbatar mashi bidiyon Baba yana nan, kuma ya ga alamar na karanta.