Buhun Baba da Rafin Bayan Gida

Sirdal, farkon narkewar ƙanƙara

Ƙanwata Gunvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Ni dai gwiwata ta ƙi ni. Bana ba zan iya goya buhun yashin katantanwa zuwa rafi ba, kin kuwa san tun shekarar da ruwan sama mai tsami ya kashe mana kifi, ba a taɓa fashin zuba shi don ya kashe tsamin ruwan ba. Baba ya yi, ni ma na yi har na tsufa.

Kin tuna ranar da muka ga kifin nan masu jan ɗigo sun yi rigingine a ruwa, Inna ta rataye kaskon suya ta shige ɗaki? Ba na son sake ganin wannan. Ki turo min 'yarki Ragna ta ɗauki buhun, ta kuma taya ni sare bishiyoyin nan masu farin ɓawo da suka cinye makiyayarmu tun da na sayar da tumaki. Abin kunya ne, kamar gonar da babu namiji.

Yayanki, Torleiv

Kristiansand

Yaya Torleiv,

Na ga takardarka, sannu da ƙafa. Ragna ta ce ba za ta ɗauki buhu ba, kuma don Allah kada gatarinka ya taɓa bishiya ko ɗaya. Ka san awon ruwa ne aikinta. Ta ce hayaƙin masana'antun ƙetare da ke sa ruwan sama tsami ya ragu tuni. Sannan wai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye suna numfashi a cikin ƙasa, iskar ta gauraya da ruwa ta riƙa cin dutse a hankali, abin da ya narke shi ke gangarawa rafi yana kashe tsamin. Ba ta yi alkawari ba, ta ce dai ka bar rafin bana a gani.

Ni ma ina kewar kifin Inna da kindirmo. Amma Yaya, taurin kan nan naka ko Baba bai kai ka ba.

Taka, Gunvor

Gunvor,

Ina gaisuwa. Wato ƙasa ce ke numfashi yanzu! Yarinyar da na koya wa ɗaura ƙugiya ita ke koya min rafin ubana. Na gwada ɗaga buhun, na zube a bakin rumbu, kare yana kallona. Ban zuba komai ba, ban sare komai ba, kuma ban ƙara bin hanyar rafi ba, don tsoro nake ji. In kifayen suka mutu, ki gaya mata ita za ta zo ta kwashe.

Torleiv

Sirdal, ganye ya fara zuba

Ƙanwata,

Jiya na dogara sanda na je ƙarƙashin gada. Kifayen suna nan. Manya na tonon tsakuwa za su zuba ƙwai, ga ƙanana kamar ɗan yatsa, haihuwar bana. Na zauna a kan dutsen Baba na yi ta dariya, daga baya na ji haushi, ashe rafin ya iya tafiyarsa ba tare da ni ba.

Na zazzage buhun na rataye shi kusa da kaskon Inna, na sauko da kaskon. Ku taho da kindirmo, ke da mai awon ruwa.

Yayanki, Torleiv